Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Gyaran Fasalin Hanya da Yaƙi da Ciyawar Ruwa

Duk wanda ya taɓa halartar majalisar wata ƙaramar hukuma ta bakin kogi ko ta bakin tafki, ranar da ake muhawara a kan kiyasin kuɗin shekara, ya san akwai magana biyu da ba a tashi sai an yi su. Kansila ɗaya zai miƙe ya ce hanyar mazaɓarsa ta yanke tun tsakiyar damina, mai haƙuri sai a amalanke ake kai shi asibiti. Wani kuma ya miƙe ya ce ciyawa ta toshe mashigar ruwa, masunta sun jingine kwalekwale, gonakin shinkafa sun koma daji. Daga nan Ma'aji ya buɗe littafi ya ce abin da ke hannu ba zai ɗauki ayyukan biyu ba. An shirya wannan darasi domin mai karatu ya san inda waɗannan kuɗi suke fitowa, da wanda doka ta ɗora wa kowane aiki, da kuma dalilin da ya sa, a wurare da yawa, maganar hanya da maganar ciyawa magana ɗaya ce aka raba ta gida biyu.

Inda Kuɗin Suke Fitowa

Ƙaramar hukuma irin wadda muka sani yau ta samo asali ne daga gyaran da Gwamnatin Tarayya ta yi a 1976, lokacin da aka ɗora ƙasar duka a kan tsari ɗaya, aka mai da ƙananan hukumomi mataki na uku na mulki. A lokacin kimanin 300 ne. Yanzu 774 ne, idan an haɗa da guda 6 na Birnin Tarayya Abuja. A zamanin En'e, baitulmali yana cika ne da haraji da jangali da kuɗin kasuwa da na kotu. A 1979 gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, wasu jihohi suka bi sahu. Talaka ya huta da wani nauyi, babu shakka, amma tun daga wannan zamani ƙaramar hukuma ta ƙara jingina ga abin da ake rabowa daga Asusun Tarayya.

Wannan asusu shi ne tukunyar da ake zuba kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni, ana raba su kowane wata. Rabon ƙananan hukumomi ya faro daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980, ya koma 15 a 1990, ya kai 20 a 1992. A tsarin da ake bi tun 2004, daga kowace Naira 100 da aka raba, Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar Naira 52 da kwabo 68, jihohi 36 suna raba Naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi kuwa suna raba Naira 20 da kwabo 60. Mai karatu ya riƙe waɗannan kwabo 60 na ƙarshe a ransa, domin za mu komo kansu. Ban da wannan akwai harajin kayan saye, wanda ƙananan hukumomi suke da kashi 35 cikin 100 a cikinsa. Doka kuma ta ce kowace jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 na abin da ta tara a cikin gida, ko da yake ba kowace jiha ta cika wannan alkawari ba.

Ba daidai wa daida ake rabawa ba. Kashi 40 na rabon ne kaɗai ake kasawa kai ɗaya. Kashi 30 bisa yawan jama'a. Sauran bisa faɗin ƙasa da wuyarta, da halin makarantu da asibitoci, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Saboda haka ƙaramar hukumar da rabin ƙasarta fadama ce, wadda kowane kilomita na hanya yake cin kuɗi fiye da na tudu, ba lalle ne ta sami ƙarin da ya yi daidai da wahalarta ba.

Kafin kuɗin su kai ga aikin hanya, akwai bakunan da ke jiransu. Albashin malaman firamare daga nan yake fita, haka na ma'aikatan lafiya na matakin farko, da ma'aikatan hukumar kanta, da fansho, da kason majalisun sarakuna. A ƙananan hukumomi da yawa waɗannan su ne suke lashe mafi yawan rabon wata. Bugu da ƙari, sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin suke sauka kafin su wuce. Shekara da shekaru ana kuka cewa abin da ya shiga wannan asusu ba shi ne yake fita ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar da Babban Lauyan Tarayya ya shigar da gwamnonin jihohi 36: ta ce a biya ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kwamitin riƙo da gwamna ya naɗa ba shi ne hukumar da Tsarin Mulki ya sani ba, sai zaɓaɓɓiyar majalisa. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da ja-in-ja, amma matsayin doka ya fito fili.

Hanyar Wa Ce?

Hanyoyin Nijeriya iri uku ne: na Tarayya, da na jiha, da na ƙaramar hukuma. Duka-duka sun kai kimanin kilomita 195,000. Na Tarayya ba su wuce kimanin 35,000 ba, kuma suna da hukumarsu ta gyara wadda aka kafa a 2002. Kusan kashi biyu cikin uku na hanyoyin ƙasar nan na ƙananan hukumomi ne, galibinsu burji ne ko turɓaya. Wato wanda ya fi kowa ƙaramin rabo shi ya fi kowa tsawon hanya. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulki shi ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, tare da kasuwanni da tashoshin mota, da ba da lasin na keke da amalanke da kwalekwale.

Ya kamata a bambanta facin hanya da gyaran fasalinta. Faci shi ne a zuba marmara a rami, a bi da gireda, a tafi. Gyaran fasali kuwa shi ne a koma ga tambayar farko: me ya sa wannan wuri yake lalacewa kowace shekara? Wani lokaci amsar ita ce kwana ta yi tsanani, ko kasuwa ta cinye titi, ko mahaɗa tana bukatar shataletale. Amma a ƙasar fadama, sau tara cikin goma amsar ruwa ce. Hanyar da ba ta da doro, ruwa yakan kwanta a kanta. Wadda ba ta da lambatu a gefe, ruwa yakan ci gindinta. Wadda aka ɗaga ta a kan jinga ba a yi mata isassun kwalbatoci ba, ta zama madatsa ba da niyya ba: ruwa ya taru a gefe ɗaya har ya haura ta ko ya fasa ta.

A 1986 gwamnatin soja ta kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da kayan raya karkara, wadda ta buɗe hanyoyin burji masu yawa a ko'ina cikin ƙasa. Ƙauyuka da dama a lokacin suka fara ganin mota. Da aka rushe hukumar, kula da hanyoyin ya faɗa wuyan ƙananan hukumomin da ba su da kuɗin yi, damina kuwa ba ta jira. Da yawa daga cikinsu sai dattawa ne za su nuna maka inda suka bi. A ganin mai wannan rubutu, burji mai kyawawan kwalbatoci da kuɗin kula na kowace shekara ya fi kwalta marar magudana amfani nesa ba kusa ba. Sai dai kwalta tana da farin jini ranar buɗewa, kwalbati kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, ba mai ɗaukar hotonsa.

Kacala a Fadamar Haɗejiya da Nguru

Kogin Kano da kogin Calawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗejiya. Bayan ya wuce garin Haɗejiya sai ya rarrabu rassa-rassa a cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, sauran su nemi kogin Jama'are wajen Gashuwa, daga nan a sami Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Tun kaka da kakanni rayuwar wannan yanki a kan ƙa'ida ɗaya take. Ambaliya ta zo da damina, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ruwa ya janye da kaka, a bi danshi da wake da kayan lambu. Da rani ƙasa ta bushe, Fulani su shigo da shanu. Saboda yawan tsuntsayen da ke sauka nan daga Turai, a 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya.

An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da kwarin Haɗejiya, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun sake ɗabi'ar kogin ta hanya biyu. Babbar ambaliyar da takan wanke yashi da laka daga rassan kogi ta ragu, sai rassan suka riƙa cikewa. Sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya sa wuraren da suka saba bushewa wata da watanni suka zauna da ruwa shekara zagaye. Abin da kacala take so ke nan: ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa.

Kacala ba baƙuwa ba ce a ƙasashen Afirka, da can tana nan a gefen tafkuna, fari yana tsare ta. Tsayinta yakan wuce mutum biyu. Kan ta guda ɗaya yana ɗauke da dubban ɗaruruwan iri masu tashi a iska, amma babban ƙarfinta yana ƙasa, a saiwoyin da ke rarrafe cikin laka suna fid da sababbin tsirrai. Inda ta kafu takan tare laka, laka ta rage zurfin ruwa, rashin zurfi ya ƙara mata fili. Da ta toshe reshen Burum Gana da tsohon kogin Haɗejiya, sai ruwa ya karkata zuwa Marma. Ƙauyukan wannan gefe a ƙasashen Guri da Kirikasamma da Nguru suka sha ambaliya, waɗansu na gaba kuwa suna kallon busasshen kwari. Masunci ya rasa inda zai jefa koma. Tsuntsayen jan-baki suka sami makwanci, daga nan suke fita su afka wa gero da dawa da shinkafa. Sauro da dodon koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya su ma suka sami gida.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A kwarin kogin Senegal, bayan gama madatsar Diyama a 1986, irin wannan ciyawa ta mamaye bakin kogi tsakanin Senegal da Muritaniya, kuma a can an koyi yin gawayin girki da ita.

Baƙuwar Kainuwa

Ciyawa ta biyu ita kam baƙuwa ce. Tana yawo a kan ruwa kamar kainuwar da muka sani, amma ta fi ta girma, ganyenta yana sheƙi, tana da fure mai ruwan shuɗi. Asalinta Amurka ta Kudu, kyaun furen nan ne ya sa aka yi ta kai ta ƙasashe. Ta shigo ruwayen Legas ta wajen Badagiri a 1984 daga Jamhuriyar Benin, a 1989 kuma aka gan ta a tafkin Kainji, kogin Kwara ya kawo ta daga sama. Idan ruwa yana da taki, takan ninka kanta cikin kimanin mako biyu, irinta kuma yana iya kwana a laka shekara ashirin bai mutu ba. Tana naɗe farfelar jirgi, tana hana kifi iska, tana toshe mashigar injin ba da ruwa.

A Kainji, cikin shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya haɗa dabaru: masunta suna kwashe ta da hannu a bakin garuruwansu, aka saki wasu ƙananan ƙwari daga ƙasarta ta asali waɗanda ita kaɗai suke ci, aka kuma gitta shinge a kogi domin tare wadda take gangarowa. Irin waɗannan ƙwari sun taimaka ƙwarai a tafkin Biktoriya na Gabashin Afirka. Abin lura ga ƙaramar hukuma shi ne, shara da ƙazantar gari da takin zamani da ke gangarawa ruwa su ne abincin wannan ciyawa. Kwashe shara kuwa aikin ƙaramar hukuma ne a dokance.

Inda Hanya da Ciyawa Suka Haɗu

Tsarin Mulki bai ambaci ciyawar ruwa da suna ba. Manyan koguna da suka ratsa jihohi suna hannun Tarayya, ta hannun hukumomin raya kwarin koguna da aka kafa a 1976 da Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida mai hedkwata a Lakwaja. Ba ƙaramar hukumar da ke da ikon cewa a rufe Tiga ko a buɗe ta. Amma ƙaramin rafi, da lambatu, da bakin kwalbati, da kududdufin gefen hanya, waɗannan nata ne, kuma a nan ne ciyawar take fara kama ƙasa.

A ɗauki misalin hanyar da ta ratsa fadama a kan jinga. Idan an kafa kwalbati bakinsa ya fi gindin rafi tudu, ruwa zai kwanta a bayansa, ko da rani bai ƙafe ba. Cikin damina ɗaya ko biyu kacala ta tsiro a nan. Ta tare laka, ta toshe bakin kwalbatin. Damina mai zuwa ruwa ya rasa mafita, ya haura hanya ya yanke ta. Majalisa ta ware kuɗin faci, aka zuba marmara, badi a sake. Haka kuma ramukan da 'yan kwangila suke haƙa domin ɗibar ƙasar cike hanya, idan aka bar su buɗe, su ne gandun kacala da sauro. Kansilan hanya da kansilan ciyawa, ashe, ciwo ɗaya suke kuka da shi.

Don haka idan za a sake fasalin irin wannan hanya, daga ruwa ake farawa. Kada a auna kwalbati da rafin watan Maris. A nemi dattawan gari da sarkin ruwa su nuna wa injiniya inda ruwa ya kai a ambaliyar 2012 da ta 2022, alamar tana nan a jikin itatuwa da bangaye. Ƙananan kwalbatoci da yawa a jere sau da yawa sun fi babba ɗaya dacewa da fadama, domin ruwan fadama a baje yake tafiya. A kuma rubuta cikin takardar kwangila cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an cike ramukan ƙasa ko an yi musu mafita.

Ita kuwa kacala, ƙona ta da rani ba ya kashe ta, saman kaɗai wuta take ci, saiwa tana nan lafiya. Ciyawar tana shaƙar iska ne ta ganye ta aika wa saiwa. Idan aka yanke ta ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse, aka maimaita sau biyu ko uku kafin ta farfaɗo, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. Abin da aka yanka a fid da shi tudu, kada a bar shi ya sake toshe hanyar ruwa; ana yin asabari da jinka da shi, ana kuma gwajin mai da shi abincin dabbobi da iskar girki. Maganin feshi ba na kowa da kowa ba ne, ruwan nan shi jama'a suke sha, a bar wa masana. Babban reshe da laka ta cike sai motar haƙa, kuma wannan ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma ɗaya. Yashe rafi kuwa daga ƙasa ake faro shi a yi sama, in ba haka ba wanda ya buɗe nasa ya tura wa maƙwabcinsa ambaliya ne kawai. Wannan ne ya sa a 2006 jihohin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, tare da Gwamnatin Tarayya, suka kafa asusun amana na kwarin Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe, mai ofis a Damaturu.

Akwai wani kuskure na lissafi da ya kamata majalisu su gyara. Kiyasin kuɗi gida biyu ne: na manyan ayyuka, waɗanda ake yi sau ɗaya, da na yau da kullum, waɗanda suke dawowa kowace shekara. Sau da yawa akan sa yankan ciyawa a gidan farko, a ba da kwangila, a yi biki, a rufe littafi. Alhali ciyawa kamar aski take. Wurinta gida na biyu ne, kusa da albashi: ɗan kuɗi kaɗan kowace shekara na adduna da laujuna da takalman roba da kwalekwale da abincin masu gayya, da ladan mutum biyu ko uku a kowace mazaɓa masu duba bakin kwalbati. Jama'ar wannan yanki sun daɗe suna fita aikin gayya su shiga ruwa har ƙirji. Abin da sukan rasa shi ne kayan aiki da maganin tsargiya bayan sun fito.

Yanzu mu komo ga kwabo 60 ɗin nan. Su ne kason ƙananan hukumomi na kuɗin kyautata muhalli, asusun da aka fara a 1981 domin zaizayar ƙasa da ambaliya da hamada da makamantansu. Gwamnatin Tarayya tana da nata kason, jihohi suna da nasu. Yashe magudana, da ɗaga jingar da ambaliya take ci, da buɗe rafin da kacala ta rufe, duk suna cikin abin da aka yi waɗannan kuɗi dominsa. Mai karatu yana da haƙƙin tambayar inda na ƙaramar hukumarsa suka shiga.

Hanyar tambayar a buɗe take. Ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka raba wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, ana samunsa a intanet. Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce, ta kuma ɗibar wa ofishin da aka tambaya kwana 7 ya ba da amsa. Ƙungiyar masunta ko ta manoma ko ta direbobi ta fi mutum ɗaya nauyin murya, musamman in ta biyo ta hannun kansila da dagaci. A lura da lokaci kuma. Ana shirya kiyasin kuɗi ne a watannin ƙarshen shekara, to a nan ne ake shigar da bukata. Aikin kwalbati da yashe lambatu kuwa na rani ne, a gama shi kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni.